Wayar Kaka Mai Riƙe Caji

A gidanmu na unguwar Maamobi, wayar da ta fi kowace riƙe caji ita ce ta Kaka. Kowa ya san haka, har 'yan hayan da ke ɗakunan baya. Idan aka ɗauke wuta, abin da mu a nan muke kira dumso, sai ka ga mutanen gida sun fito da caja a hannu, sun nufi unguwar Kawukudi neman shagon da ke da janareta. Kaka kuwa tana zaune a bakin ƙofarta tana gyaran alayyafo, ta bi su da kallo ta ce, "Ku je ku dawo. Tawa a ƙoshe take tun shekaranjiya."

Kaka ita ta haifi Mma, mahaifiyata, kuma ɗakina yana jikin nata. Tun ina ƙarami take kirana mijinta, kamar yadda kakanni kan yi wa jikoki maza. Da ta lura sunan yana sa ni sunkuyar da kai, sai ta ƙara riƙe shi. Har na shiga jami'a ba ta daina ba. In ta hango ni na shigo lungu tare da abokin karatu, daga nesa za ta ɗaga murya: "Maigida, yau ma littafi ka kawo mini? Da littafi ake kaɗa miya?"

Kawu, babban ɗanta da ke zaune a unguwar Kanda, shi ya saya mata wayar, kuma ba don kira ba. Rubutun mus'hafinta na takarda ya yi mata ƙanƙanta, tana karantawa tana matse ido. Sai aka sa mata Littafin Allah a waya, aka ƙara girman baƙaƙen har aya ɗaya takan cika fuskar wayar. Ranar da ta fara gani ta daɗe tana kallo, can ta ce, "Ashe wasullan suna nan duka."

Da wannan wayar take koyar da mata. Kowace Asabar da Lahadi da hantsi ana shimfiɗa tabarmi a tsakar gidanmu, matan unguwa su taru: masu waakye, wato shinkafa da wake, da suka bar wa 'ya'yansu tukunya, masu atamfa a kasuwar Nima, da 'yan mata masu dako da suka zo daga arewa, waɗanda Hausarsu ba ta wuce ta ciniki ba amma bakinsu ya iya biya aya. Kaka na zama a kan kujerarta 'yar tsugunno, ta biya su amsa. Tana da hadda mai yawa, amma ba ta yarda ta koyar da ka. Ta ce malaminta bai taɓa biya wa kowa ba sai idonsa na kan rubutu, ita ma ba za ta fara ba.

Tun da Littafin ya shiga wayar ta kafa doka: ba mai taɓa ta sai da alwala. Ta sa aka samo mata gida mai murfi, ta ɗinka mata jakar koren yadi mai ɗan rami a gindi. Aikina shi ne in karɓe ta a cikin jakar, in zura bakin caja ta ramin, in dawo mata da ita yadda ta ba ni. Ban taɓa buɗe murfin ba.

Ni kuwa tawa wayar ba ta kai la'asar. Abin yana damuna, domin rabin karatuna a cikinta yake. Na bi dalili na gano cewa fuskar waya ce ta fi komai shan batir. Akwai saitin da ke barin waya ta daidaita haskenta da kanta: in ta ji rana ta ƙara, in ta ji duhu ta rage. Akwai kuma na hannu, wanda kai ne za ka ja ɗan layin haske zuwa inda kake so, ya tsaya a nan. Na gwada wannan na gwada wancan. In na bar ta da kanta na zauna gefen taga a trotro, motar hayarmu ta nan, sai ta haska iyakar ƙarfinta, ta yi zafi a tafin hannuna, kafin mu isa batir ya zube. In na rage da hannu takan daɗe, amma a tashar mota sai na laɓe a inuwar wani kafin in ga saƙo. Wata rana kuma na manta na bar ta a sama, ta wuni tana ƙona kanta a cikin ɗakin karatu mai sanyi. Ban kai ga matsaya ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ta Kaka. Tata ba ta kai tawa tsada ba, kuma ta fi ni daɗewa a kanta, amma a 'yan watannin nan sai in ba ta caji yau, ba ta sake nemana sai jibi ko gata.

Na taɓa tambayarta me take yi mata. Ta ce, "Abin da ke cikinta ne ke riƙe ta. Kai me ka zuba a taka?" Na yi murmushi na bar maganar.

Shekaru Kawu yana roƙon Kaka ta koma wurinsa. Gidansa bene ne, ruwan famfo ba ya yankewa, babu warin kwata, babu hayaniyar makwabta. Duk zuwan da ya yi sai ya tayar da zancen, ita kuma ta ce, "Wa zai hau bene ya zo karatu? Mai waakye za ta baro Maamobi ta je ta danna ƙararrawa?" Daga nan a shiga wata hira. Shi ya sa ranar da ya zo bayan sallar Juma'a ya sake faɗa, don sabo kawai, ta ce, "To. Ƙarshen wata ka zo da mota," sai da ya ce, "Hajiya, me kika ce?" Mma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Kaka ta ɗauki butarta ta wuce.

A makon nan ta ba makwabciyarmu turminta. Ta ce a kai tabarmi masallacin lungu idan wata ya ƙare. Ta gaya wa mata su nemi wata malamar. Wasu suka yi kuka, wata ta ce, "Malama, laifin me muka yi?" Ta ce ba laifin kowa, tsufa ne.

Tagar ɗakina tana kallon tsakar gida, don haka ina jin karatun ko ban fita ba. Ranar Lahadi tana cikin biyawa sai ta zame daga wata aya ta faɗa cikin mai kama da ita a wata surar. Mata suka amsa yadda ta faɗa, ban da wata yarinya mai dako da ke riƙe da ɗan littafinta. Ta ɗaga kai a tsorace ta ce, "Malama, a nawa ba haka ba ne." Kaka ta ce, "Kin yi gaskiya. Allah ya yi miki albarka." Ta rufe murfin wayar, ta sallame su tun rana ba ta kai ko'ina ba.

Bayan azahar ta kira ni ɗakinta. Ɗakin Kaka duhu ne ko da rana, taga ɗaya ce kuma bangon makwabta ya tare ta. Ta ce in zauna, ta ce in sakaya ƙofa.

"Maigida," ta ce, "matarka ta fara makancewa."

Ta ce ta kwana biyu da gane haka. A nan cikin ɗaki tana ganin rubutun dishi-dishi, tana iya bi. Amma da ta fita tsakar gida sai ya ɓace gaba ɗaya, fuskar wayar ta koma baƙa kamar gindin tukunya. Duk kwanakin nan da ka take biya musu, tana riƙe da wayar ne kawai don kada su gane. Ta ce babanta ma haka ya fara, rubutu ne ya soma guje masa, daga baya ita ce ke jan sandarsa zuwa masallaci tana yarinya.

"Ba na so matan nan su wayi gari suna jana. Gara can bene, inda ba wanda ya san ni da ido. Kada ka gaya wa uwarka, kuka za ta yi mini. Mutumin Kanda ma kada ya ji." Ba ta faɗin sunan Kawu, ɗan fari ne.

Da na fito na kwana biyu ban iya karanta komai ba. Sai dai ni mutum ne da ba ya iya barin abu in bai zauna masa daidai ba, kuma akwai abin da bai zauna ba. Wata safiya ina tsaye a bakin famfo, ita tana can ƙofarta, ta ce, "Wannan manjan da ke wuyan rigarka, da shi za ka je gaban malamai?" Na duba, ɗigo ne da bai kai ƙwayar gero ba. Da yamma ta hango mai koko tun daga bakin lungu, ta ce yau ta canja ɗankwali. Na yi ta tunani: wace irin makanta ce ke ganin manja daga nesa, kuma ta fi tsanani a cikin rana ta yi sauƙi a duhu?

Abin da ya rage shi ne in ga wayar a buɗe. Amma neman hakan kamar ce mata ne ban yarda da maganarta ba, a kan abin da ta faɗa mini murya ƙasa-ƙasa. Sau da yawa nakan je bakin ƙofarta in gaishe ta in juyo. Sai ranar Alhamis da hantsi na tsaya ban juyo ba.

"Kaka, ina so in duba wayar."

"Ta ƙoshi."

"Ba caji ba. In buɗe."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kana da alwala?"

Na ɗauko buta na tsuguna a gabanta. Ta sa ido a kaina kamar ranar da aka fara koya mini. "Gwiwar hannun fa? Ko ita ba taka ba ce? Sake." Na sake. Sannan ta zare wayar daga jaka, ta miƙo mini da hannu biyu.

A cikin ɗaki na buɗe. Rubutun yana nan, amma hasken ya yi ƙasa sosai. Na fita da ita tsakar gida, Kaka na biye da ni. Rana ta bugi gilashin, ban ga komai ba sai fuskata.

Na ce, "Kaka, ni ma ba na gani."

Ta dafe ƙirji. "Inna lillahi! Kai ma? Na ce ka rage karatun nan, na ce ka rage! Ga shi gadon ya tsallake uwarka ya faɗo kanka tun ba ka yi aure ba."

Dariya ta kama ni, irin wadda ban saba yi a gaban mutane ba. Ina cikin yi na karkata wayar, sai na ga goshin wayar, can saman gilashi, ba ya sheƙi kamar sauran. Na shafa da farce. Baƙin salatif ne, irin wanda ake naɗe wayar wuta da shi, an yanka shi daidai an manne daga wannan gefe zuwa wancan. Baƙi a kan baƙi, in ba ka sa ido ba ba za ka lura ba.

"Wa ya sa wannan?"

Ta kawar da kai. "Ni."

Da ƙyar ta ba ni labarin. Wata rana tana ɗaki ta cire ɗankwali tana tsefe kai, wayar ta yi ƙara, ta danna. Sai ga fuskar surukinta, mijin autarta da ke ƙasar waje, ta cika gilashin, yana cewa "Hajiya, ina wuni," ita kuma ga ta a ɗan lungun hoton, furfura a tsaye, rabi a tsefe rabi a kitse. Ta kife wayar a katifa ta fita ɗakin da gudu. Har yau in ya kira sai ta ce a ce masa tana salla. Da ta tambayi wata jikarta ta ina mutum ke ganin mutum, aka nuna mata ɗan idon da ke sama. A ranar ta ɓare salatif daga wayar fanka ta rufe shi, ta haɗa da duk abin da ke kusa da shi don kada a samu kuskure.

"Kai da kake mijina ba ka taɓa ganin kaina ba," ta ce, "sai wani mijin 'yata?"

Na yi mata bayani a hankali. Kusa da idon da ke ɗaukar hoto akwai wani ɗan wuri da ba ya ganin kowa, haske kawai yake aunawa. Tun da ta rufe shi, wayar ta ɗauka kullum dare ne, shi ya sa take rage haskenta har ƙasa ko ana tsakar rana. Shi ne kuma sirrin cajin da ake ta yaba mata.

"To idona fa?"

"Bari in ɓare ki gani."

Ta riƙe hannuna. "Ba ka ɓarewa."

Na ce zan yanka shi ƙarami, ya rufe idon hoto kaɗai. Ta ce ita ba ta san iyakar wannan da wancan ba, abu biyu da ke zaune wuri ɗaya ai suna gaya wa juna magana. Na ga ba za ta sauka ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in matsa mata ba. Sai na shiga saiti na kashe mai daidaita kansa, na ja layin haske da yatsa har ƙarshe. Baƙaƙen suka fito tar a cikin rana.

Ta karɓa. Ta karanta aya, ta wuce ta gaba, ta sake wucewa, a tsaye. Sannan ta goge ido da bakin mayafi ta ce hasken ne ya yi mata yawa.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. An ɗauke wuta tun ranar Juma'a, ita kuma ta wuni tana karatu a ɗaki da hasken nan a sama kamar yadda na bar shi. Ranar Asabar mata suka zo, ta fara biyawa da murya irin ta da, ana tsakiyar sura wayar ta mutu a hannunta. Ta zauna da ita a cinya, ta ce su yi tilawar abin da suka iya.

Da suka tafi ta ce, "Ka lalata mini waya. Da tana da haƙuri, yanzu ta koma cin tsiya kamar kai. In ido ya dawo ita ta gaji, ai duk ɗaya ne. Can Kanda ko ba komai akwai wuta."

Na sake alwala na kai ta Kawukudi a cikin jakarta, na zauna a shago har ta cika. Da na dawo na ce mata wannan aikin ba nawa ba ne, nata ne, domin ba kullum nake gida ba. Na nuna mata yadda ake jawo layin daga sama, a tura shi dama a waje, a dawo da shi hagu a ɗaki. Yatsanta ya bushe da aiki, gilashin ba ya jin sa. Ta gwada, ta yi tsaki, ta sake gwadawa. A ƙarshe da gaɓar ɗan yatsa ta samu ya motsa. Ta kai shi dama, ta dawo da shi hagu, tana kallon yadda fuskar ke tashi tana kwanciya.

"Yo wannan ai lagwani ne," ta ce. "Ka ɗaga ya sha kananzir, ka sauke ya kai ka safe. Shi ne ka tsaya kana yi mini turanci? Ni da na raini 'ya'ya da fitilar ƙwai?"

Daga ranar ta fi ni iyawa. Ba ta kai shi ƙarshe ko a waje. Takan ɗaga daidai inda wasali zai fito ta tsaya, in gajimare ya rufe rana ta sauke, kafin ta tsallaka dokin ƙofarta ta riga ta mayar da shi ƙasa. Wayar ba ta koma kwana uku ba, amma tana kai ta inda take so.

Ita da kanta ta ba Mma labari, tana dariya, ta tsallake wurin suruki. Mma ba ta yi dariya ba, ta ce sai an je asibiti. Muka kai ta wani asibitin ido a Adabraka. Likita ta ce akwai 'yar yana da ta fara a ido ɗaya, irin ta shekaru, ba ta kai a taɓa ba, a riƙa zuwa ana dubawa. Aka rubuta mata tabarau. Ta sa a trotro, ta dube ni ta ce ashe ban kai kyan da take zato ba.

Kawu kaɗai ne ba a gaya wa komai ba. Ta ce ita ba ta iya buɗe baki ta ce wa ɗan fari ta fasa, kuma ta hana mu faɗa. Lahadin ƙarshen wata ya iso da hantsi, da motar kaya a bakin titi, domin lungunmu ba ya cin mota. Ya shigo da babbar rigarsa ya tarar da tsakar gida cike da mata, Kaka a kan kujerarta, ba ƙulli ko ɗaya a ƙofar ɗaki. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ratsa gefen tabarmi ya je gabanta ya rusuna.

"Hajiya, mota na waje. Ina kayan?"

Ta ɗaga masa hannu har ta kai ƙarshen aya. Sannan ta lura inuwarsa ta sauka a kan wayar. Kawu mutum ne mai jiki, ga riga ta ƙara masa faɗi. Ta sa gaɓar yatsa ta sauke hasken.

"Miƙe," ta ce. "Matso nan kaɗan. Yawwa, tsaya haka, kada ka motsa. Jiya ba a kawo wuta ba."

Ya tsaya. Mata suka sunkuyar da kai suna danne dariya, ita ta ci gaba da biyawa suna amsawa. Direba ya leƙo sau biyu, Kawu ya yi masa alama da hannu ya koma. Rana na dukan bayansa, gumi na bin wuyansa, yana kallon saman kan uwarsa da yatsanta da ke bin rubutu layi bayan layi. In rana ta gusa sai ta ja bakin rigarsa, ya gusa. Haka ya tsaya har aka shafa Fatiha.

Bai sake tambayar kaya ba. Ya sha ruwa, ya ci waakyen da wata ɗaliba ta kawo, ya sallami motar. Ranar Talata sai ga kafinta da katako da kwanon rufi, ya ce daga Kanda aka turo shi, a nuna masa daidai inda Hajiya ke zama.